Wane madubin saiti zan ɗora wa bindigar farautar ɓauna?

"Assalamu alaikum, Malam. Ni mazaunin Garwa ne, na daɗe ina farautar ƙananan namun daji da lasisi. Bana Allah ya hore mini, na biya kuɗin farautar ɓauna a ɗaya daga cikin yankunan farauta na wajen Faro a arewacin Kamaru, kuma ina da niyyar zuwa Zimbabuwe nan gaba idan hali ya yi. Na sayi bindiga mai cin harsashin .375 H&H, amma ba ta da madubin saiti. Mai shago ya nuna mini wani ƙato mai lamba 4-16x50, ya ce da shi zan hango ƙuda a kunnen ɓauna daga nesa. Wani abokina kuma ya ce kada in ɗora komai, wai mazan jiya da saitin ƙarfe suka kashe giwa. Wa zan bi a cikinsu?"

Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya sa a je lafiya a dawo lafiya. Idan na fahimce ka, abu biyu kake tambaya: ko bindigar da za a tunkari dabba mai haɗari da ita tana bukatar madubi, in kuma tana bukata, wane iri. Mai shagon da abokin naka kowa ya riƙe ƙarshen igiya ɗaya, kuma ba zan ce ka bi ko ɗayansu ba. Ka ɗora madubi, amma ƙarami, wanda ke farawa daga ninki 1 ko 1.5 ya tsaya a 4, 5 ko 6, mai barin tazara sosai tsakaninsa da ido, mai kaurin layuka, a kan zobban da za ka iya cirewa da hannu. Aikina saita bindigogi ne da raka baƙi a sansanonin farauta, kuma abin da zan faɗa maka daga can na samo shi. Bari in kawo dalilai, don ka iya auna kowane madubi da kanka ba sai an gaya maka ba.

Bindigar taka dai ka yi dace. Kamfanin Holland & Holland na Landan ne ya fito da wannan harsashi a 1912, kuma har yau shi ne ma'aunin da ake gwada sauran da shi. Kansa mai nauyin giram 19 da ɗoriya yana fita da gudun kusan mita 760 a daƙiƙa. Tanzaniya ba ta yarda a harbi ɓauna da abin da bai kai .375 ba. Zimbabuwe kuma ta ce kaurin harsashi ya kai milimita 9.2, ƙarfinsa ya kai jul 5,300, kuma taka ta haye duka biyun. Saura abin da za ka kalli dabbar ta cikinsa.

A ina ake harbin ɓauna?

Lambobin da ke jikin madubi ba su da wuyar karantawa. A 4-16x50, biyun farko suna nufin yana jawo abu kusa daga ninki 4 zuwa ninki 16, hamsin ɗin kuma faɗin gilashin gaba ne a milimita. Irin wannan an yi shi ne don wanda zai kwanta rub da ciki a fili ya harbi abu a mita 300 ko 400. Ba a harbin ɓauna haka. Jagoran farautar da ya san aikinsa ba zai bar ka ka taɓa kunama daga irin wannan nisa ba, domin duk ɓaunar da ka ji wa rauni ba ta faɗi ba, shi da masu bin sawu ne za su shiga duhuwa neman ta. Yawancin harbin farko yana faruwa tsakanin mita 30 da 80, daga kan sandunan ɗora bindiga, kana tsaye, gumi na zuba, bayan an yini ana bin sawu. Wurin da ake nema a jikinta, wato zuciya da huhu, ya kai faɗin santimita 30. A mita 100, ninki 4 zai nuna maka ita kamar tana mita 25 daga gare ka. Wanda bai iya samun ƙirjin ɓauna a haka ba, ninki 16 ba zai cece shi ba, sai ma ya ƙara nuna masa yadda hannunsa ke rawa.

Amma ba harbin farko ne ke zaɓar madubi ba. Abin da ke zaɓarsa shi ne ranar da abu ya ɓaci: an harba, ta shige sarƙaƙiya da harsashi a jiki, ta kewayo ta laɓe kusa da sawunta tana jira. Ɓauna kan yi gudun kusan kilomita 50 a awa, wato mita 14 a daƙiƙa. Idan ta fito daga mita 20, daƙiƙa ɗaya da rabi ko biyu ke gare ka, ka ɗaga bindiga, ka same ta a madubi, ka harba. Ɓaunar arewacin Kamaru ba ta kai ta kudancin Afirka girma ba, wadda namijinta kan haura kilo 700, amma kada ƙarancin jikinta ya ruɗe ka, zafin rai ba ta da na biyu.

A nan ne faɗin gani ke shigowa, kuma shi ne jigon maganar. Duk sa'ad da ka ƙara ninki, filin da kake gani yana tsukewa. Madubi mai kyau a ninki 1 yana nuna maka faɗin mita 35 zuwa 40 a nisan mita 100. A ninki 4 ya koma mita 9 ko 10. Yanzu raba da goma, tunda a mita 10 za a yi ta. Mai ninki 1 yana ganin kusan mita 4, wato dabbar gaba ɗaya da itatuwan da ke gefenta, har da mai bin sawun da ya yi tsalle ya kauce. Na mai shagon, ko da ka mayar da shi can ƙasa, abin da zai nuna maka bai kai mita ɗaya ba. Baƙin gashi kawai za ka gani ya cika gilashi, ba ka san kafaɗa ce ko wuya ko ƙaho ba, kamar mai leƙen ɗaki ta ramin makulli. Idan kuma ka manta shi a ninki 12 tun da safe da kuka tsaya kallon gwanki, to babu abin da za ka gani sam.

Akwai wata fa'ida ta ninki 1 da mutane ba su cika lura da ita ba: kana iya harbi ido biyu a buɗe. Idon dama yana cikin madubi, na hagu yana kallon daji, ƙwaƙwalwa ta haɗa su wuri guda. A 1.5 ma yawancin mutane suna iyawa bayan ɗan sabo. Daga ninki 3 zuwa sama yawanci sai ka runtse ido ɗaya, rabin duniya ya ɓace maka. Wasu kan ji haushin ganin bakin bindiga a ƙasan gilashi idan suna ninki 1. Wannan ba lahani ba ne, kwana biyu za ka daina lura da shi.

To 1-4, ko 1.5-5, ko 1-6? A kai na zan zaɓi mai kaiwa 5 ko 6, saboda inda za ka. A farkon lokacin farauta, wajen Disamba da Janairu, ciyawa a yankin Faro da Binuwai ta fi mutum tsawo inda ba a ƙona ba, harbi kusa-kusa ne. Zuwa Maris daji ya buɗe, kuma da wannan bindiga ɗaya za ka so ka harbi kanki ko mariya a mita 150. Ninki 6 ya ishe ka wannan, yana kuma taimaka maka ka ga ɗan reshen da ya gitta tsakaninka da dabba, wanda zai iya kautar da harsashi.

Bugun bindiga

.375 tana bugun kafaɗa kusan ninki biyu na .30-06, wato matsakaiciyar bindigar farauta da aka saba da ita, manyanta irin .416 Rigby da .458 Lott kuwa sun fi haka nesa ba kusa ba. Bugun nan yana shafar madubi ta hanya biyu.

Ta farko ita ce girarka. Kowane madubi yana da tazarar da ido zai tsaya a bayansa ya ga hoto cikakke. Idan tazarar gajera ce, bindiga na zabura baya bakin madubin zai sare ka a gira. Na ga baƙo jini ya rufe masa ido tun a wurin gwaji, kafin a shiga daji. Ciwon ya warke da wuri, amma tsoron bai warke ba: daga ranar kafin ya ja kunama sai ya runtse ido ya janye kai, harsashi ya tafi inda ya ga dama. Kada ka karɓi madubin da tazararsa ta gaza santimita 9, in ka samu 10 ya fi. Ka kuma duba takardarsa da kyau, domin a yawancinsu tazarar tana raguwa idan aka ƙara ninki, kuma lambar da ake bugawa da manyan baƙaƙe ta ƙaramin ninki ce. Harbin sama-sama, kamar dabba na kan tudu kai kana kwari, shi ya fi kawo goshi kusa da madubi.

Ta biyu nauyi ne. Idan an harba, bindiga ce ke zabura baya, shi madubin yana so ya tsaya inda yake, don haka a hankali yake zamewa gaba a cikin zobbansa. Gwargwadon nauyinsa, gwargwadon ƙarfin da ke fizgar zobba da notuna. Leupold 1.5-5x20, wanda ya daɗe yana aiki a dazukan Afirka, bai kai giram 300 ba. Masu 1-6x24 na Turai, irin na Swarovski ko Zeiss, suna wajen giram 450 zuwa 500. Na mai shagonka zai iya haura 700. Ƙari a kan haka, gilashin gaba mai milimita 50 ba ya zama ƙasa-ƙasa, dole a ɗaga shi sama don kada ya taɓa bututun bindiga. Da an ɗaga shi kuncinka ya bar katako, kanka na lilo a iska, ka ɗaga bindiga da sauri sai ka ga duhu kana laluben hoto. Ƙaramin madubi mai miƙaƙƙen jiki yana kwantawa dab da bindiga, ido ya faɗa cikinsa kai tsaye.

Za a ce maka babban gilashi ya fi tara haske. Gaskiya ne, amma a yi lissafi. Ka raba faɗin gilashin gaba da ninki, abin da ya fito shi ne kaurin hasken da ke isa idonka. Milimita 24 a ninki 4 ya ba da 6. Baƙin idon saurayi a duhu yana buɗewa ya kai milimita 7, na wanda ya haura hamsin kuwa da ƙyar ya wuce 5, da rana kuma 2 ko 3 ne. Ke nan ƙaramin madubi a ninki 4 yana ba idonka duk abin da zai iya ɗauka, har da asuba da gab da magariba. Ingancin gilashi da shafen da aka yi masa sun fi faɗinsa tasiri.

Layukan ciki

Ɓauna baƙa ce ko ja mai duhu, tana tsaye a inuwa. Siraran layuka baƙaƙe suna narkewa a jikinta. Abin da nake so shi ne samfurin Jamusawa mai lamba 4: ginshiƙai uku masu kauri, ɗaya daga ƙasa biyu daga gefe, su ja idonka zuwa tsakiya. Ka guji masu ɗigo-ɗigo da lambobi da tsani na auna nisa, babu mai karanta su ɓauna na tahowa. Jan ɗigo mai haske a tsakiya yana da amfani ƙwarai, kuma in aljihu zai ɗauka ina ba da shawarar sa. Sharaɗi ɗaya: layukan su kasance masu kaurin da za su yi aiki ko batir ya mutu. Batirin ɗan ƙarami ne mai kama da kwabo, lambarsa CR2032 a yawancinsu. Ka sa sabo ranar tafiya, ka riƙe wani a aljihu. Trijicon suna da samfurin AccuPoint da ba ya cin batir, da rana yana jawo haske ta wani zare, da duhu kuma sinadarin da ke cikinsa ne ke haskawa. Ka zaɓi wanda layukansa ba sa canza girma idan ka murɗa ninki, domin a ɗaya samfurin suna sirancewa a ƙaramin ninki, daidai inda ka fi bukatar kaurinsu. Maɓallan gyaran saiti kuma su zama gajeru masu murfi. Dogaye marasa murfi ƙaya da kujerar mota suna murɗa su ba ka sani ba.

Zobba da mazauni

Nan ne mutane ke yin tsimi, kuma nan ne aka fi samun matsala. Mafi yawan madubin da aka kawo mini ana cewa ya lalace, da na duba sai in tarar noti ne ya saki ko zobe ya zame. Sayi zobban ƙarfe na gaske masu hannun cirewa, irin na Talley ko Warne, ko na Jamus mai juyawa na EAW. Amfaninsu shi ne idan ka faɗi madubi ya bugi dutse, ko za a shiga duhuwar da ba a ganin mita biyar, ka cire shi cikin daƙiƙu ka koma saitin ƙarfe. Amma fa sai saitin ƙarfen yana harba inda madubin ke harbawa, kuma sai ka gwada cirewa da mayarwa sau da yawa a wurin gwaji ka tabbata yana komawa daidai. Notunan mazauni a goge musu mai, a ɗiga musu gam ɗin noti mai launin shuɗi, wanda ake iya kwancewa daga baya. A manyan bindigogi maƙera kan sauya ƙananan notunan 6-48 da masu kauri na 8-40. A .375 ba dole ba ne idan aikin ya yi kyau. Notunan zobba kuwa ba a ɗaure su da ƙarfin tuwo, ɗaurin da ya wuce kima yana matse jikin madubi ya hana kayan cikinsa motsi. Ka bi ma'aunin da kamfanin ya rubuta.

Bayan an ɗora, cika bindiga da harsasai a wurin gwaji ka harba su a jere, kana ja da mayar da sakata da ƙarfi yadda za ka yi a cikin tsoro. Ka lura ko hannun sakata na gogar madubi, ko kwanson harsashi na bugun maɓallin gefe ya koma ciki. Wannan na biyun yana faruwa, kuma bindigar da ta cije a harbi na biyu ta fi kowane mummunan madubi haɗari.

Maganar abokinka

Bai yi ƙarya ba. Yawancin jagororin farauta har gobe saitin ƙarfe suke riƙewa, galibi a kan bindiga mai baki biyu ko .458. Sai dai aikinsu daban da naka. Su an ɗauke su ne don tsayar da abin da ya taso a mita goma, kai kuma aikinka ka sa harsashin farko inda ya kamata don kada a kai ga haka. Saitin ƙarfe yana bukatar ido ya kula da abu uku a lokaci guda: na baya, na gaba, da dabba. Daga shekara arba'in da ɗoriya ido ya fara ƙin wannan. Madubi yana ɗora layuka da dabba a fage ɗaya, yana kuma nuna maka cikin garke wanne ne tsohon namijin da jagora ke nuna maka, da ko akwai maraƙi a bayansa. Harbin dabbar da ba ita aka ba ka izini ba tara ce mai nauyi, kuma a farautar lasisi dabbar da ka ji wa rauni ta tsere an lissafa ta a kanka, sai ka biya.

Akwai hanya ta tsakiya, wato ɗan gilashin jan ɗigo marar ninki, irin na Aimpoint na ƙasar Suwidin ko ƙananan da ake ɗorawa kan bindiga mai baki biyu. Ba shi da nauyi, ba ya saran gira, kuma a kusa babu abin da ya kai shi sauri. Ga giwa, wadda ake harbi a mita 15 zuwa 30, ya wadatar. Ga bindiga ɗaya da za ta yi maka ɓauna da kanki, rashin ninki zai takura ka.

Shawarar tana canzawa ga dabbobi biyu, damisa da kada, idan tafiyar Zimbabuwe ta haɗa da su. Damisa ana jiran ta ne a bukkar ɓuya, an rataye nama a bishiya mita 40 zuwa 60, kuma ba ta cika zuwa ba sai haske ya kusa ƙarewa. Nan 1.5-6x42 ko 2.5-10x50 mai ɗigon haske ya fi. Shi kuwa kada, ƙwaƙwalwarsa 'yar mitsitsiya ce, kuskuren yatsa biyu ya sa ya silale ruwa ba a ƙara ganinsa, don haka ninki 8 ko 10 yana da amfani. Maganin wannan shi ne madubi na biyu a nasa zobban, an riga an saita shi, yana cikin jaka. Ko ba don damisa ba, na biyun shi ne madogararka idan na farko ya fashe a inda babu shago sai an yi tafiyar yini.

Saitawa da abin da ba zan iya yi maka daga nan ba

Saita shi ya bugi tsakiya a mita 100 da ainihin harsashin da za ka yi farauta da shi. A haka zai sauka ƙasa da santimita 15 zuwa 20 a mita 200, a dab da kai kuma zai bugi ƙasa da inda ka auna da kamar santimita 3 ko 4, saboda madubi yana sama da bututu. Idan za ka riƙe harsashi iri biyu, mai buɗewa da daskararre, ka gwada ko suna faɗawa wuri ɗaya. Kada ka ƙarar da atisayenka a kan tebur. Harba daga sanduna, harba a tsaye a mita 15 da 25, ido biyu a buɗe. Ka sabar wa hannunka mayar da ninki ƙasa duk lokacin da ka gama kallon wani abu, domin lokacin ƙara ninki yana samuwa kullum, na ragewa ne ba ya samuwa. Ƙurar hunturu da tokar ƙonannen daji suna kankare gilashi idan ka goge da bakin riga, sai ka fara hurewa ko ka kaɗe da burushi mai laushi tukuna.

Ban ga bindigarka ba, ban san tsawon wuyanka da hannunka ba, ko kana sa tabarau, kuma waɗannan su ke yanke wane madubi da wane tsayin zobe za su dace da kai. Gwanintata ta fi yawa a kan ɓauna a dajin ciyawa, jagoran da zai raka ka ya fi ni sanin yankinsa, ka kira shi ka ji nisan da baƙinsa suka fi harbi a watan da za ka je. A shago kuma, sa a ɗora maka madubin a kan bindigar, ka tabbata babu harsashi a ciki, ka rufe ido ka ɗaga ta zuwa kafaɗa, sa'an nan ka buɗe. Idan hoto cikakke ya tarbe ka ba tare da ka motsa kai ba, tsayi da tazara sun yi. In sai ka sunkuya ko ka miƙa wuya, a sauya zobba ko a matsar da madubin, a sake gwadawa sanye da irin rigar da za ka shiga daji da ita. Ranar da ka isa sansani, ka harba uku a takarda kafin a fita, domin hanyar Garwa zuwa Faro ta isa ta girgiza saitin da ka bari daidai a gida.